Dom Pierre Pérignon, Ma'ajin Gidan Zuhudu na Hautvillers (1639 zuwa 1715)

Mutumin da muka kawo muku tarihinsa a wannan fitowa ba waliyyi ba ne. Ikilisiya ba ta sa sunansa cikin jerin tsarkaka ba, ba shi kuma da ranar idi. Bai yi wa'azi gaban sarakuna ba, bai ƙetare teku domin kai Bishara ba. Ma'aji ne a wani gidan zuhudu da ke bisa tudu a ƙasar Faransa, inda ya yi shekara 47 makullai na rataye a ɗamararsa. Duk da haka sunansa ya zaga duniya fiye da na manyan bishop-bishop na zamaninsa, amma ta hanyar da bai nema ba, gama an manna shi a jikin kwalbar wani ruwan inabi mai tsadar gaske wanda attajirai ke buɗewa a wurin shagali. Da yawa daga cikin masu kiran sunan ba su san cewa Fada ne ba. Mun ga ya kyautu mu ajiye kwalbar gefe guda, mu dubi mutumin, da gidan da ya yi wa hidima, da ɗakunan da ya sa aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa.

An yi masa baftisma ranar 5 ga Janairu 1639 a garin Sainte-Menehould, a lardin Shampen da ke arewa maso gabashin Faransa. Pierre shi ne Bitrus a bakin Faransawa, Dom kuwa laƙabin girmamawa ne da ake ba 'yan zuhudun Waliyyi Benedict. Mahaifinsa akawu ne a kotun garin, danginsu kuma suna da 'yan gonakin inabi. Ya taso a lokacin tashin hankali. Lardin Shampen hanyar sojoji ce, duk rundunar da ta nufi Faris daga gabas sai ta taka shi. Yana yaro ɗan shekara goma sha uku aka kewaye garinsu da yaƙi a 1652, aka sāke kewaye shi a 1653. Wanda ya ga an ƙone rumbu a ƙuruciyarsa ba ya wasa da ajiya in ya girma, muna kuwa ganin alamar haka a dukan aikinsa na baya.

Ya yi karatu a makarantar Fada-fadan Jesuit a Châlons, sa'an nan a 1657 ya shiga gidan zuhudu na Saint-Vanne a birnin Verdun, ya ɗauki alkawarinsa a 1658. Wannan gida shi ne cibiyar wani gyara da Dom Didier de la Cour ya soma a farkon ƙarnin, domin mai da 'yan zuhudu ga bin ƙa'idar Waliyyi Benedict yadda take: addu'a a kan lokaci, shiru, azumi, karatu mai zurfi da aikin hannu. Shekara goma ya yi a cikin wannan horo, aka naɗa shi Fada. A 1668, yana da kimanin shekara 29, shugabanninsa suka tura shi Hautvillers.

Hautvillers tsohon gida ne ƙwarai. Waliyyi Nivard, Bishop na Reims, shi ya kafa shi wajen shekara ta 650 a kan tudun da ke duban kogin Marne, daura da garin Épernay. A ƙarni na 9 ya yi suna wajen rubuta littattafai da hannu, a can aka rubuta sanannen littafin Bisharu na Bishop Ebbo. A wannan ƙarni ne kuma wani ɗan zuhudu ya kawo ƙasusuwan Waliyyiya Helena, mahaifiyar Sarki Constantine, daga Roma (tarihi bai ɓoye cewa ɗauko su ya yi ba da izini ba), masu ziyarar ibada suka riƙa tururuwa zuwa wurin. Amma wahala ba ta bar gidan ya huta ba. Mahara daga arewa sun washe shi, Ingilishi sun ƙone shi a Yaƙin Shekara Ɗari, aka sāke ƙone shi a yaƙe-yaƙen addini na ƙarni na 16. Ko da gyaran Saint-Vanne ya iso can a shekarun 1630, gidan bai gama farfaɗowa ba. Ga kuma wata al'ada ta lokacin: sarki ne ke naɗa shugaban gida, wanda sau da yawa ba ya zaune a can, amma rabonsa na kuɗin shiga ba ya makara. Abin da ya rage shi ne za a ci, a gyara gini, a karɓi baƙi, a ciyar da matalauta. Wannan lissafi ne aka ɗora wa saurayin Fada.

Kada mu ɗauka ma'aji a gidan Benedict mai riƙon jakar kuɗi ne kawai. Waliyyi Benedict ya keɓe babi guda, na 31, a cikin ƙa'idarsa domin wannan muƙami. Yana so a zaɓi mutum mai hankali da natsuwa, wanda ba mai haɗama ba ne, ba mai girman kai ba, ba mai ɓarna ba, ba kuma marowaci ba, wanda zai zama kamar uba ga jama'a duka. Marasa lafiya da yara da baƙi da matalauta suna wuyansa. Ana so ya riƙe tukunya da fartanya da kowane kayan gida da irin ladabin da ake riƙe tasoshin bagadi. In kuma aka roƙe shi abin da babu, to, ko ba komai ya ba da amsa mai daɗi. Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin ƙungiyar coci ya san wannan na ƙarshe ya fi sauran wuya.

Saboda haka aikin Dom Pérignon ya haɗa da dazuzzuka, da gonakin hatsi, da hayar filaye, da albashin ma'aikata, da gyaran rufi, da shari'u. Amma dukiyar Hautvillers ta gaske inabi ce. Gidan yana da gonakinsa, yana kuma karɓar ushiri daga ƙauyukan kewaye, wanda ake biya da 'ya'yan inabi ko ruwansu. Ruwan inabi abin bukata ne a kowane gidan zuhudu tun fil azal, domin ba a yin Hadayar Mas sai da shi, kuma dokar Ikilisiya har yau tana cewa ya zama na 'ya'yan inabi zalla wanda bai lalace ba. Akwai kuma na teburi da na baƙi da na majiyyata. Game da na teburin, Waliyyi Benedict ya ƙayyade ɗan mudu kaɗan a yini, yana mai nuna cewa da son ransa ne da 'yan zuhudu ba su sha ba sam, ya kuma yi kashedi mai ƙarfi a kan ƙoshi da maye. Abin da ya ragu bayan wannan ana sayarwa, da kuɗinsa gida ke tsayawa.

Matsalar ita ce Shampen ƙasar sanyi ce, tana bakin iyakar inda inabi ke iya nuna, ƙarnin nan kuma ya fi na yanzu sanyi. Jan ruwan inabin lardin yakan fito fari-fari, da tsami, ba ya iya karawa da na Burgundy a kasuwar Faris. Dom Pérignon bai tsaya gasa a inda ba zai ci ba. Ya juya ga abin da ƙasarsa za ta iya yi fiye da kowa, wato farin ruwan inabi mai haske daga baƙaƙen 'ya'ya. Asirin abin shi ne launi a fatar 'ya'yan yake, ruwan cikinsu fari ne. In an matse da sauri, a hankali, kafin fata ta rina ruwan, sai a sami abin sha garau. Faɗar haka da sauƙi, yinsa kuwa yana bukatar horo tun daga gona.

Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1718, aka buga wani ɗan littafi da ake danganta shi da Fada Jean Godinot na Reims, wanda ya tattara hanyoyin aiki irin na Hautvillers. Daga nan muka san yadda abin yake. Irin da aka fi so shi ne baƙin inabi mai suna Pinot noir. Ana datse kuringa sosai, kada ta wuce ƙafa uku, domin 'ya'ya kaɗan masu kyau sun fi tuli marasa daɗi. Ana tsinka da sassafe, da sauran raɓa, kafin rana ta yi zafi. Duk ƙwayar da ta fashe ko ta ruɓe a jefar. A zuba a ƙananan kwanduna kada na sama su danne na ƙasa. In wurin matsa yana da nisa, a ɗora wa alfadari ko jaki, gama doki yana da zumuɗi, zai girgiza kaya. A wurin matsa kuma ba a tattakawa da ƙafa, ana sauke nauyi ne sannu sannu, a ware ruwan farko dabam, na biyu dabam, na ƙarshe mai launi a bar wa ma'aikata da amfanin gida.

Inda ya fi kowa kuwa shi ne wajen haɗi. Tun da ushiri yana zuwa daga gonaki dabam dabam, wata tana fuskantar rana, wata tana cikin kwari, wata ƙasarta alli ce tsantsa, sai ya mai da wannan bambanci abin amfani. Wani ɗan zuhudu da ya koyi aiki ta hanyarsa ya rubuta cewa yakan sa a kawo masa 'ya'yan kowace gona, ya bar su su kwana a taga suna shan iska, da safe kafin ya sa komai a baki sai ya ɗanɗana, sa'an nan ya faɗi waɗanda za a matse tare, gwargwadon yadda daminar shekarar ta kasance. Ba ruwan da aka riga aka matse yake gaurayawa ba, 'ya'yan ne tun suna ɗanye. Daga wannan ɗanɗano ne wataƙila labarin nan ya samo tushe, cewa wai makaho ne. Babu wata shaida daga zamaninsa da ta nuna haka, kuma da wuya a bar wa makaho littattafan lissafin gida har shekara 47.

Yanzu sai mu sauka ƙasa. Tudun Hautvillers, kamar yawancin lardin, dutsen alli ne, ragowar wani teku da ya rufe wurin tun zamanin da ba a san adadinsa ba sai a lissafin masana. Alli yana da laushin haƙa, amma in an yi masa rufi mai lanƙwasa yakan tsaya da kansa. Yana shan ruwa ya riƙe kamar soso, shi ya sa saiwar inabi ba ta ƙishi a kansa, shi ya sa kuma ramin da aka haƙa a cikinsa ke zama da sanyi da laima iri ɗaya rani da damina, tsakanin digiri 10 zuwa 12, ko ana ƙanƙara a waje ko ana zafi. Wanda ya san bambancin ruwan randa da na bokitin ƙarfe ya fahimci rabin zancen. Ruwan inabi ba abin da ya ƙi kamar hawa da saukar zafi, da haske, da motsi. A 1673 aka haƙa babban ɗaki a cikin gangaren tudun, wanda ake kira Cave Thomas, mai ɗaukar ɗaruruwan gangunan katako. Yana nan har yau.

Mu ɗan yi tunanin irin rayuwar da ke cikin wannan wuri. Ba taga, ba rana, sai fitilar kitse da ƙanshin katako mai laima. Ganga tana shan abin da ke cikinta a hankali, dole a riƙa cika ta kada iska ta shiga ta mai da shi tsami. Dole a juye daga wannan ganga zuwa waccan a bar gurɓin a ƙasa, ba sau ɗaya ba. Dole a bi kowace da alli a rubuta gonarta da shekararta. Mutumin da ke kula da wannan duka shi ne kuma ƙararrawa ke kira zuwa addu'a sau bakwai a yini da sau ɗaya cikin dare. A ganinmu nan ne ainihin tarihinsa yake, a kan matakalar da ke tsakanin wurin waƙar Zabura da ɗakin ganguna, wadda ya hau ya sauka har tsufa.

To, ina batun kumfa, wadda duniya ta san shi da ita? A nan sai mu yi haƙuri da gaskiya, domin ta saɓa wa abin da aka saba ji. Yisti ne ke cin zaƙin ruwan inabi ya mai da shi barasa, yana fitar da iska. A Shampen ana girbi a makare, sanyi yakan sauko kafin yisti ya gama aikinsa, sai ya kwanta kamar ya mutu. In bazara ta zo ya farka ya ci gaba. Idan ruwan yana cikin ganga, iskar takan fice. Idan an riga an ɗura shi a kwalba an toshe, ba ta da hanya, sai ta narke a ciki, ƙarfinta kuma yakan ninka na iskar tayar mota. Kwalaben Faransa na lokacin ba su da ƙwari. Ɗaya ta fashe, ta tayar da na kusa da ita, kafin a ankara aikin shekara ya malale a ƙasa. Ga ma'ajin da zai ba da lissafi, kumfa asara ce. Yawancin dabarunsa, har da fifita baƙin inabi wanda bai cika sāke tashi ba, na hana ta ne. Ba wanda ya san dalilin abin a lokacin, sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur ya bayyana aikin yisti.

Masu son kumfa a Ingila suke. Su ne ke da kwalba mai ƙarfi, domin da gawayin kwal suke narka gilashi, wutarsa kuwa ta fi ta itace zafi. A Disamba 1662, shekara shida kafin Dom Pérignon ya taka Hautvillers, wani likita mai suna Christopher Merret ya riga ya bayyana wa ƙungiyar masana ta Landan yadda 'yan kasuwa ke ƙara sukari a ruwan inabi domin ya yi kumfa. Labarin cewa ɗan zuhudunmu ne ya ƙago abin ya fito ne daga wata wasiƙa ta 1821, fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa. Wanda ya rubuta ta, Dom Grossard, shi ne ma'ajin ƙarshe na gidan, tsoho wanda ya ga rushewar Hautvillers da idonsa. Ba mu zarge shi da mugun nufi ba, mai kewar gidansa yakan ƙara gishiri. Daga baya 'yan talla suka ɗauka suka yi ta ƙari, har da zancen nan na ɗanɗana taurari da ake sa masa a baki, wanda ba a taɓa jinsa ba sai a ƙarshen ƙarni na 19.

Abin da ya yi na gaskiya ya isa. A hannunsa gonakin inabin gidan suka ninka, aka gyara gine-gine, ruwan inabin Hautvillers ya riƙa samun kuɗi fiye da na maƙwabta nesa ba kusa ba, manyan Faris suna aiko da oda da sunansa. Bai kuma samu wannan cikin sauƙi ba. A 1694 likitan Sarki Louis na 14, Fagon, ya hana sarki shan ruwan inabin Shampen ya mai da shi ga na Burgundy, fadawa kuwa abin da sarki ya sha shi suke sha. A 1693 da 1694 aka yi yunwa mai tsanani a Faransa. A 1709 aka yi sanyin da ya daskarar da koguna, ya kashe itatuwa da shuka, talakawa suka mutu da yawa. A irin waɗannan shekaru ƙofar gidan zuhudu ita ce wurin da mayunwata ke taruwa, mai buɗe rumbun kuwa ma'aji ne.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Ushirin nan da yake haɗawa da gwaninta gumin manoma ne, kuma ba da son ransu kullum suke bayarwa ba. Takardun lokacin sun nuna shi mutum ne mai tsayawa kan hakkin gidansa, ba ya jin nauyin kai ƙara kotu a kan ushiri ko iyakar gona. Manomin da ya ga an zaɓe mafi kyaun 'ya'yansa an haura da su tudu ba lalle ne ya yi masa kallon uba ba. Irin wannan ƙorafi, da ya taru shekara da shekaru a dukan Faransa, yana cikin abin da ya fashe a 1789.

A shekarar 1709 ɗin nan wani baƙo ya rasu a Hautvillers, Dom Thierry Ruinart, masanin tarihin shahidai, aka binne shi a cocin gidan. Ɗan ɗan'uwansa, Nicolas Ruinart, shi ya kafa kamfanin shampen na farko a 1729, shekara guda bayan sarki ya ba da izinin safarar ruwan inabi cikin kwalabe. Daga nan sana'ar ta bar hannun 'yan zuhudu ta koma ta 'yan kasuwa, kumfa kuma ta zama abin nema. Su ma ƙasa suka nufa. A Reims suka tarar da tsofaffin ramukan da aka haƙi alli domin gini, waɗansu tun zamanin Romawa, masu zurfin mita talatin ko fiye, suka haɗa su da hanyoyi suka mai da su ma'ajiya. A ƙarƙashin Épernay kaɗai akwai hanyoyi fiye da kilomita 100. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka yi ta ruwan bama-bamai a kan Reims har babban cocinta ya ƙone a Satumba 1914, a cikin waɗannan ramuka mutanen gari suka fake, aka buɗe makarantu, aka yi sujada a tsakanin kwalabe. A 2015 hukumar UNESCO ta sa tuddan Shampen da gidajenta da ɗakunan ƙarƙashin ƙasarta cikin kayan tarihi na duniya, gangaren Hautvillers da Cave Thomas suna ciki.

Shi gidan zuhudun bai kai ga ganin wannan ba. Juyin juya halin Faransa ya ƙwace dukiyar Ikilisiya a 1789, ya soke alkawaran zuhudu a 1790, aka watsa 'yan zuhudun Hautvillers, aka sayar da gidan, aka rushe yawancinsa. Dom Grossard ya ɓoye ƙasusuwan Waliyyiya Helena, a 1820 aka kai su cocin Saint-Leu-Saint-Gilles a Faris. A shekarun 1820 iyalin da ke da kamfanin Moët & Chandon suka sayi abin da ya rage na filin, kuma a 1936 kamfanin ya fitar da kwalbar da ke ɗauke da sunan Dom Pérignon, daga girbin 1921. Haka sunan mutumin da ya yi alkawarin ba zai mallaki ko allura ba ya zama alamar masu hannu da shuni.

Dom Pérignon ya rasu a watan Satumba 1715, 'yan kwanaki bayan Sarki Louis na 14, wanda kusan sa'ansa ne, watanni kaɗan ke tsakanin haihuwarsu. 'Yan'uwansa suka binne shi a gaban bagadi, wurin da aka saba keɓe wa shugabannin gida, ko da yake bai taɓa zama shugaba ba. Cocin ya tsira daga rushewa domin ya zama cocin mutanen ƙauyen, kuma dutsen kabarin yana nan a daɓe. Rubutun Latin da ke kansa ya ambaci shekaru 47 da ya yi yana ma'aji, ya ce ya tafiyar da al'amuran gida da yabo mafi girma, ya kuma ambaci halayensa nagari, musamman ƙaunarsa irin ta uba ga matalauta. Ruwan inabi kuwa ba a ambace shi ba ko sau ɗaya.